Tauraron Bama: Lambar Yabon Da Ke Cikin Adakar Kaka

Uwargida, in kina gyaran ɗakin tsofaffi kika ci karo da wani ɗan ƙarfe mai siffar tauraro, da kusurwa 6, maƙale da guntun ƙyalle mai shuɗi da ja, kada ki miƙa wa yara su yi wasa da shi, kuma kada ki bari ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Wannan lambar yabo ce ta yaƙi, kuma da wahala aka samo ta.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, Turawan Ingila sun ɗebi samari da yawa daga ƙasar Hausa aikin soja, har ma Hausa ce harshen da aka fi ji a bariki. A 1941 wasunsu sun yaƙi sojojin Italiya a Somaliya da Habasha, aka ba su Tauraron Afirka, mai ƙyalle launin rairayi da jan layi a tsakiya.

Daga 1943 kuma aka loda runduna ta 81, sannan ta 82, a jiragen ruwa zuwa Indiya. Daga nan suka shiga dazuzzukan ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, don karawa da Japanawa. Akwai 'yan Nijeriya, da na Gana, da Saliyo, da Gambiya. Inda mota ba ta shiga, a ka suka ɗauki harsasai da abinci, ga ruwan sama, ga zazzaɓin cizon sauro. A watan Janairun 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Waɗannan su ne masu Tauraron Bama. In kin taɓa jin barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, to sunayen wuraren da suka yi yaƙi ne a can.

Ga inda gizo ke saƙar, 'yar'uwa: yawancin waɗannan taurari ba a rubuta sunan mai su a jiki ba. Kuma mazan jiyan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, bayan an sallame su da ladan da bai kai na takwarorinsu Turawa ba. Ke nan in ba wanda ya riƙe labarin a gida, lambar ta zama ƙarfe kawai.

Saboda haka ki zauna da tsofaffin gidan tun suna raye. Ki tambaye su sunan mai ita, garin da aka ɗauke shi soja, shekarar da ya dawo, da irin zaman jiran da iyalinsa suka yi. Ki rubuta duka, ki haɗa da takardar sallamarsa da hotonsa in akwai. Ki naɗe lambar a busasshen ƙyalle, nesa da danshi. Kada ki wanke ƙyallenta, kada ki dirje ta da toka kamar tukunya.

Ranar 15 ga Janairu ake tunawa da mazan jiya a Nijeriya. Ki fito da ita a ranar, ki tara yaranki, ki faɗa musu sunan kakansu da inda ya je, ku yi masa addu'a. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.