MGB Mai Tsatsa: A Yi Walda ko a Sayi Sabon Bodi?

Daga 1962 zuwa 1980 kamfanin MG ya ƙera motar MGB sama da rabin miliyan a garin Abingdon na Ingila, yawancinsu masu buɗaɗɗen sama da kujeru biyu, kuma Amurka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Saboda yawan nan, mai neman irinta ba ya shan wuyar samu. Wuyar tana farawa ne ranar da aka ɗaga ta a gareji aka leƙa ƙasanta.

MGB ba ta da shasi daban da bodi, dunƙule guda ce. Tunda kuma mai buɗaɗɗen sama ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe ta daga sama, ƙarfinta kusan duka yana cikin ƙarafan da ke ƙarƙashin dokin ƙofa. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara yana cin waɗannan ƙarafa ta ciki, fenti yana ta ƙyalli a waje. Idan sun ruɓe, motar takan lanƙwashe a tsakiya, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Shi ya sa masu saye ke yawo da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, ƙullun cike rami ne a wurin, ba ƙarfe ba. Shi ya sa kuma ake rububin motocin da suka tsufa a busassun jihohi irin Kalifoniya da Arizona.

Wanda ya tsinci kansa da ruɓaɓɓiya yana da hanya biyu. Ta farko, ya sayi sabon bodi. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga bodin MGB da ainihin na'urorin da aka yi amfani da su a da. Sai a ciro inji da giya da sauran kaya daga tsohuwar a ɗora wa sabon. Aikin yana da tsabta, kuɗinsa sananne ne tun farko, ƙarfen kuma lafiyayye ne. Ga wanda zai riƙa ɗaukar matarsa ko ɗansa yana gudu a babbar hanya, wannan ba ƙaramar hujja ba ce.

Ta biyu ita ce walda, kuma can zuciyata ta fi karkata. Mai walda zai fara ɗaure bakin ƙofofi da sandunan ƙarfe don kada motar ta karkace, sannan ya yanke ruɓaɓɓen wuri, ya saka sabon falle, ya auna, ya sake aunawa. Kowane rami da aka buɗe yakan tona wani, don haka kuɗin aiki ba ya tsayawa inda aka yi ciniki, wani lokaci har ya wuce na sabon bodi. Amma abin da zai fito daga garejin shi ne motar da ma'aikatan Abingdon suka haɗa da hannunsu. Gidan adana motoci na Gaydon yana ba da takarda daga rajistar kamfani, mai nuna ranar da aka ƙera mota da launin da ta fito da shi. Takardar tana da nauyi idan ƙarfen da take magana a kansa yana nan.

Wannan muhawara tana bin mutum har kan ƙananan kayan gyara. Kusan komai na MGB ana yin sabonsa yanzu, sai dai ingancin ya bambanta, wani ƙarfen ado sai an sha fama kafin ya zauna a mazauninsa. Kafireto samfurin SU da agogunan Smiths na gaban direba sun fi kyau a gyara na asali, ko a nemo su a kasuwar tsofaffin kaya ta Beaulieu a Ingila ko ta Hershey a Amurka. Amma roba, tayoyi, bututun birki da wayoyin lantarki, tsufa ne ke kashe su ko da ba a taɓa amfani da su ba, dole a sayi sababbi.

Idan tsatsa ta tsaya a dokin ƙofa da daɓen mota, a kira mai walda. Idan ta kai inda ƙafafun baya suke ɗaure, ta cinye gaba da baya, har ya zama sabon fallen zai fi tsohon yawa, to sabon bodi ya fi gaskiya, kuma ranar sayarwa a faɗa wa mai saye abin da aka yi.