Ƙananan Masu Tsaron Hanya A Cikin Fata

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gado, akwai kuma manzo, wanda masana su ke kira RNA, mai kai umarnin wurin da a ke ƙera furotin.

A shekarar 1993 waɗansu masana biyu a Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna binciken wata 'yar tsutsa, sai suka gano wani RNA gajere ƙwarai, mai haruffa wajen 22. Shi ba ya kai saƙo. Aikinsa ya tare manzo a hanya. Domin wannan aka ba su lambar Nobel a 2024.

To, a cikin sankarar fata da a ke kira melanoma, tsaron nan ya kan rikice. Biyu daga cikin ƙananan, watau miR-221 da miR-222, su kan yawaita, su tare saƙon furotin p27, wanda shi ne linzamin ƙwaya. In linzami ya tsinke, sai ƙwaya ta yi ta hayayyafa. Wani kuwa, miR-211, raguwa ya ke yi, sa'an nan cutar ta sami damar kutsawa cikin nama.

Har yanzu binciken bai haifar da magani ba, saboda haka riga-kafi shi ne lura. Ga baƙar fata, melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Tabon da ya ke girma ko sāke kama, a nuna wa likita tun da wuri.