Da Sunan Addini Aka Hana Kakanninmu Ƙuri'a

Ran nan a wani gidan suna a nan Bagwai, wata yarinya 'yar makaranta ta tambaye ni, wai masu cewa a raba addini da gwamnati ba maƙiya addini ba ne? Na ce ta zauna ta ji abin da ya sami kakanninta.

Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. A zamanin nan alkalai suna ƙarƙashin En'e, watau a hannun sarakuna. In talaka ya shiga NEPU, sau da yawa sai a nemo masa laifi a kai shi gaban alkali, a yi masa bulala ko a ɗaure shi. 'Yan NEPU ba su ce a bar shari'a ba, don Malam Aminu kansa malami ne mai tafsiri. Abin da suka nema shi ne a zare hannun mai mulki daga ɗakin shari'a. Sai a zamanin Janar Gowon aka karɓe kotuna daga hannun En'e.

Mu mata kuwa, namu ya fi zafi. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma aka hana na Arewa, wai addini da al'ada ba su yarda ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta yi ta zaga garuruwa tana wa mata magana, aka yi ta jefa ta kurkuku, ba ta daina ba. Sai a 1976 aka ba mu ƙuri'a. To, addinin ne ya sake? A'a, masu mulki ne suka sake.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 10, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ya zama na gwamnati. Har yau malamai da lauyoyi suna gardama a kan fassararsa. Ni dai abin da na gani, in mai mulki ya riƙe addini a hannunsa, duk wanda ya ja da shi sai a ce da Allah ya ja.

Saboda haka in ɗan siyasa ya zo ƙofar gidanku da wa'azi, ku saurara da ladabi, sa'an nan ku tambaye shi zancen makarantar 'yan mata, da asibiti, da ruwan noman rani na Watari. Allah ya sa mu gane, amin.