Fari Ko Ruwan Madara: Lissafin Fentin Ɗaki A Barkin Sale

MINNA — A unguwar Barkin Sale ta birnin Minna, inda gidajen haya da ƙananan kantuna suka yawaita, launi biyu ne masu gidaje suka fi yin shawara a kansu idan za a yi wa ɗaki fenti, watau fari da ruwan madara. Kuɗin bokiti mai lita 20 bai cika bambanta tsakaninsu ba idan na kamfani ɗaya ne. Bambancin yakan fito ne bayan mai fenti ya kwashe kayansa.

Farin fenti yana mayar da kimanin kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, ruwan madara kuwa wajen kashi 70. Don haka shagon tela ko kantin magani mai ƙaramar taga zai fi jimawa da rana ba a kunna fitila ba idan bangonsa fari ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya tsananta tsadar tayar da janareta.

Sai dai fari ba ya rufa asiri. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da jar ƙasa, da dattin hannun yara, duk sukan bayyana a kansa nan da nan, alhali ruwan madara yakan ɓoye su. Sake fenti kuma ya yi tsada, domin sinadarin titaniyom da ke ba fenti fari daga ƙasashen waje ake shigo da shi, darajar Naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan sakin ta da aka yi a watan Yunin 2023.

A nan ne buƙatun mai gida da na ɗan haya suke rabuwa: mai gida shi ke biyan kuɗin fenti, ɗan haya kuma shi ke biyan kuɗin wuta.

Wani abin lura shi ne, launin cikin ɗaki ba ya rage zafin Maris da Afrilu yadda wasu ke zato. Yawancin zafin ta rufin kwano yake shigowa, maganinsa kuwa silin mai kyau da tagogi masu fuskantar juna.

Mafita mai sauƙi ita ce a raba aikin. A shafa wa silin farin fentin ruwa, bango kuma ruwan madara, sannan a bi ƙasan bangon da fentin mai, wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Ya kamata kuma a rubuta cikin yarjejeniyar haya wanda zai ɗauki nauyin sake fenti, da kuma bayan shekara nawa.