DIRON DA RUWAN DAMINA: KAFIN KA TASHE SHI A KAN TAFKIN KIFINKA



Matasa da yawa yanzu suna sayen ƙaramin jirgi mara matuƙi, wato diron, ko su yi haya, don ɗaukar bidiyon tallar gona ko duba shinge da keji. Ana yawan tambaya ta: za a iya gyara shi ya jure ruwa? Tambayar ta fi shafar mu na Kano ta Kudu, daga bakin dam ɗin Tiga a Bebeji, zuwa Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda damina ta fi ta birni ƙarfi, musamman a Agusta.

Amsa a taƙaice: za ka iya rage ɓarnar yayyafi, amma ba za ka mayar da shi agwagwa ba.

Ƙananan DJI irin su Mini, Air da Mavic ba su da lambar IP, kuma littafinsu ya hana tashi cikin ruwa ko hazo. A lambar IP, adadi na biyu shi ne na ruwa. Matrice 30 yana da IP55, yana jure feshi. SplashDrone 4 na SwellPro yana da IP67, wato nutsewar mita 1 na minti 30. Kuɗinsu kuwa ba na mai fara kiwo ba ne.

Abin da ake iya yi wa ƙarami:

1. A shafa wa bod ɗinsa siririn ruwan silikon na kare kayan lantarki. Aikin ƙwararren mai gyara ne, kuma buɗe shi yana kashe garanti.
2. Kada a shafa a kan barometa, na'urar da ke gaya masa tsayinsa, ko bakin batir, ko kyamara.
3. Kada ka toshe ƙofofin iska da salatif. Zafi zai ƙona shi kafin ruwa ya taɓa shi.
4. Akwai ƙafafun soso masu sa shi ya yi iyo, amma suna ƙara nauyi, suna cin batir.

Babban haɗarin ma tafkin ne da kansa. Idanun da ke ƙarƙashin diron suna rikicewa a kan ruwa mai sheƙi, sai ya fara gangarowa ba ka sani ba. Ka tsaya sama sosai, ka tashi kuma ka sauka a busasshiyar ƙasa. Da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, sauko da shi. Mini 3 ba ya jure iskar da ta wuce kimanin kilomita 38 a awa, guguwar gaban ruwa kuwa tana wuce haka.

In ya faɗa ruwa: cire batir nan take, kada ka kunna don gwaji. Ruwan tarwaɗa cike yake da kashi da ragowar abinci, yana cin ƙarfe. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a wanke bod da sifirit ɗin masu gyaran waya, a shanya a inuwa kwana 2 zuwa 3. Batirin da ya jiƙe ko ya kumbura kada ka sake cajinsa, kuma ka nisanta shi da ɗakin kaji, yana kama wuta.

Sannan ka tuna, tashin diron yana buƙatar izinin hukumar NCAA.

Shawarata: ka yi bidiyonka da safe sama na garau, kuɗin gyaran ka zuba a buhun abincin kifi. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.