Ranar Masu Hawan Jinin Ido

Tun kafin rana ta ɗaga, kujerun ɓangaren ido na asibitin sun cika. Yau ranar masu hawan jinin ido ce, cutar da likitoci ke kira gilakoma. Ba a rasa gane tsofaffin zuwa: kowa da 'yar kwalbar maganin ɗigawa a aljihu ko a ƙulle a bakin zane, da katin da ya sha hannu. Sababbin zuwa kuwa, sau da yawa jika ne a gaba yana jan sandar kakansa.

Sunan cutar kan rikita mutane, domin ba jini ne ke hawa ba. Ruwa ne da ido ke yi a cikinsa, yana fita ta wata 'yar magudana. In ta toshe, sai ruwan ya taru ya danne jijiyar gani. Awon lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21, kuma wannan lamba ita ce hirar wurin. Duk dattijon da ya fito daga ɗakin awo, sai ka ji ana tambaya: "Baba, nawa aka samu yau?"

Bayani ne ya fi ba ma'aikatan wahala. Mutum ya ga an cire wa maƙwabcinsa yanar ido ya koma gona, shi ma ya zo da wannan tsammani. Sai a zaunar da shi a lallashe shi: jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Da maganin ɗigawa, da hasken lesa, da tiyatar buɗe wa ruwan sabuwar hanya, duk aikinsu ɗaya, tsare ganin da ya rage. Ana ba wasu timolol, ban da masu asma. Wasu latanoprost, ɗigo ɗaya kowane dare. Nas takan nuna yadda za a lumshe ido a danne kusurwarsa ta wajen hanci bayan ɗigawa.

Cutar ba ta cika yin zafi ba, kuma ta gefe take fara cin gani, shi ya sa ake sakaci. Kwalba ta ƙare, kuɗin mota ya gagara, sai a yi watanni ba a leƙo ba. Wasu azumi ke sa su ajiye magani, alhali ana iya tsara musu shi da sahur da bayan shan ruwa.

Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Bayan yanar ido, ita ce ta fi makantar da mutane.

Cutar tana bin dangi. In ka kai arba'in, ko akwai mai ita a gidanku, je a auna idonka tun kana iya kai kanka asibiti.