Idan Gudawar Kare Ta Ƙi Tsayawa

Mai karatu, a Partago da ƙauyukan kewayen Jugu gidaje da yawa suna da kare, wani don gadi, wani don farauta. Wataƙila ka ce, ina ruwan asibitin mutane da ciwon kare? Dalili shi ne, inda kare ya yi kashi, nan yaranka suke wasa.

Gudawar kwana ɗaya ko biyu takan wuce da kanta. Amma in ta kai sati 3, ko tana tafiya tana dawowa, akwai abin da yake kawo ta.

Me ke kawo ta?

Sau da yawa tsutsar ciki ce. Akwai kuma wata ƙwayar cuta, Giardia, wadda kare yake samu a ruwan kududdufi. Wani lokaci kuma abinci ne: ruɓaɓɓen abu na juji, ɗanyen kayan ciki daga mahauta, miya mai yawan mai da barkono, ko madara, wadda cikin babban kare ba ya narkar da ita sosai.

Abincin da za ka ba shi

Ka dafa shinkafa ta yi laushi, ba mai, ba yaji. Ka haɗa kashi biyu na shinkafa da kashi ɗaya na dafaffen naman kaza marar fata da ƙashi, ko dafaffen ƙwai. Ƙara ɗan dafaffen kabewa, gama tana taimaka wa kashi ya yi kauri. Ba shi kaɗan kaɗan, sau 3 ko 4 a yini. Ka ɗaure shi a inuwa don kada ya je juji, ka ajiye masa ruwa mai tsabta. In ya yi sauƙi, ka komar da shi ga abincinsa a hankali cikin sati ɗaya.

Kada ka ba shi albasa ko tafarnuwa, suna lalata jinin kare. Kada ka ba shi maganin mutane kamar farasitamol ko ibuprofen, suna iya kashe shi.

Yaushe za ka nemi likitan dabbobi?

In ka ga jini a kashi, ko amai, ko idanunsa sun faɗa, ko yana ramewa, ko an yi sati ba canji, ka kai shi wurin likitan dabbobi a Jugu ko Paraku. Ɗan kwikwiyo mai gudawa da amai kuwa, kada ya kwana ba a duba shi ba. Abinci kaɗai ba ya kashe tsutsa. Babban kare yana bukatar maganin tsutsa kowane wata 3. Ka kuma tambayi allurar haukan kare.

Ka tsare iyalinka

Ƙwan tsutsar kare yana shiga cikin yaro ta hannu mai datti. Wata tsutsar kuma tana shiga fatar ƙafa, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi. Ƙwan yakan yi kwanaki a ƙasa kafin ya iya cutarwa, saboda haka ka kwashe kashin kare kowace rana ka binne shi nesa da rijiya. Yara su sa takalmi, su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. In yaro ya kamu da gudawa, ka fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ka kawo shi asibiti.